Wanda Aka Sace Daga Kogon Awaki

Ranar Asabar da hantsi aka yaye tamfol ɗin da ke rufe da ramin, aka tarar mutumin ba ya nan.

Mutumin dai ya mutu tun shekara dubu saba'in, in ji Mamosta Shilan, malamar da jami'a ta turo ta shugabanci haƙa a Kogon Awaki. Niyandatal take kiran irinsu, wasu mutane masu faɗin ƙirji da tudun goshi da suka zauna a duwatsun nan tun ba a san da mu ba. Shekara huɗu ana tono da cokali da burushi, ana tankaɗe ƙasa a rariya, kafin a cim masa a zurfin tsayin mutum huɗu: ƙoƙon kai da ƙasa ta danne, da haƙarƙari, da hannun dama. Kwana tara yana kwance ana shafa masa gam don ya yi ƙwari. A ranar ce za a ɗaga shi a sa a akwati, a kai birni, daga can a haye da shi ƙasar waje.

Kafin azahar mutanen garinmu Gwezan sun gama bincikensu. Mu a nan in abu ya ɓace ba abin muke fara nema ba, baƙo muke dubawa, kuma baƙo ɗaya ne a garin. Zirak mai gadin kogon ya zo daga bayan iyaka shekara shida da suka wuce, da alfadari da mace da 'ya'ya mata biyu, ta ukun a nan aka haife ta, an kuma san ya taɓa fasa-ƙwaurin taba. Mai gari, Kak Nawzad, ya kulle shi a ɗakin ajiya na makaranta, ya buga wa 'yan sanda waya. Suka ce za su zo gobe bayan la'asar. Satar kayan tarihi ba laifin da ake fitowa da wuri ba ne, wanda ya shiga sai 'ya'yansa sun yi aure ba ya nan.

Shilan ce ta je wurin Mam Hoshyar, Mam kuwa shi ne baffa a wurinmu, dattijo ake kira da shi. Ta same shi a bayan gida yana gyaran tarkon makwarwa. Babu wanda ya kai shi bin sawu a kwarin nan kaf, akuya ta ɓace kwana uku zai kai ka inda kyarkeci ya bar ƙahonta.

"Ba na bin sawun mutum," ya ce, bai ko ɗago ba.

"Mam, sau ɗaya ne."

"Kowa da ya zo haka yake cewa. Nemi wani, 'yata."

Daga ƙasan gari aka ji ƙarar dutse a kan ƙofar kwano, aka sake ji, sai kukan yarinya. Samari ne suka taru a gidan Zirak. Hoshyar ya saurara har jifa na biyar, sannan ya ajiye tarkon ya jawo takalminsa.

* * *

Bakin kogon ya zama kasuwa. Mutum arba'in sun shiga sun fita tun safe, kowa ya zo ganin abin da babu, sun tattake duk abin da ƙasa za ta faɗa. Hoshyar ya zage su a ransa, ya cire takalmi kamar yadda dokar Shilan take, ya bi matakalar katako zuwa ƙasan ramin.

Ya daɗe a tsugune. Wuƙaƙen dutse guda bakwai da aka tono kusa da gawar suna nan, an jera su a gefe. A ƙasa kuwa akwai gurbin gwiwa biyu, masu zurfi, na wanda ya daɗe a durƙushe.

"Waɗannan duwatsun ana sayensu?"

"Sun fi ƙashin saurin shiga kasuwa," in ji Shilan. Idanunta sun kumbura. "Abin da ya fi ɗaure mini kai, ko ƙashin yatsa ɗaya ba a bari ba. Ni da na shekara sha biyar a wannan aiki ba zan tsince shi tas haka ba. An kuma mayar da tamfol, an danne da dutse."

"Ɓarawo mai ladabi ke nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan matakala ta fara maganar da take yi wa duk wanda ya leƙa ramin tun kwana tara, don Shilan in ta kama zancen mutumin nan sai dai ka gudu. Hannunsa na dama ya taɓa karyewa sama da gwiwar hannu, ya kuma warke. Ke nan wata uku ba ya farauta, wani yana ɗora shi, yana ba shi abinci a baki. Mutanen da ake ɗauka dabbobi, ashe sun san jinya.

"Wa da wa kika faɗa wa haka?"

"Kowa. Leburori, 'yan makaranta, liman. Har Daye Piroz, tsohuwar nan da ke kawo mana gurasa kullum, sau biyu ta sa na maimaita mata."

Hoshyar bai kula ba. Hankalinsa yana kan matakala, inda ƙura ta goge a tsakiyar kowane katako, ta bar gefe da gefe.

* * *

Zirak yana zaune a kan buhun alli, leɓensa a fashe.

"Sun turo ka ka shinshina ni, Mam?"

"Daga ƙofa na ji warin alfadarinka. Ina kake jiya lokacin Juma'a?"

"A bakin aiki."

"Sawun alfadarin ya sauka kogi. Ya yi kashi sau biyu a gindin ɓaure, ba a yin haka a tsayuwar shan ruwa."

Zirak ya sunkuyar da kai. Ya ce to, ya kai dabbar ruwa, inuwa ta yi daɗi, barci ya sace shi. Ranar hutu ce, maza duk suna masallaci, wa zai hau dutse da rana tsaka?

"Daga gindin ɓauren nan ana hango bayan kogo. Me ka gani da ka farka?"

"Ban ga komai ba."

"Za su ɗaure ka shekara da shekaru, Zirak. Ƙaramar 'yarka ko yaye ba a yi ba."

"Na ce ban ga komai ba."

Hoshyar ya san ƙarya in ya ji ta, ya kuma san wannan ba ta mai ɓoye kaya ba ce. Ya fito da haushin mutumin, da tausayinsa kuma.

A ƙofa wata mata ta ja shi gefe ta raɗa masa cewa a duba garken Mam Tahsin, an ga yana haƙa rami jiya da yamma. Maganar ta shiga. Kakannin Tahsin a kogon nan suke sa awaki duk lokacin sanyi, shi ya sa ma ake kiransa Kogon Awaki, har ranar da hukuma ta kewaye kogon da waya ta kore shi. A sanyin farko dusar ƙanƙara ta kashe masa talatin, ya rantse a gaban jama'a sai ya ga bayan aikin.

Ya tarar da tsohon yana tatsa. Sabuwar ƙasa na nan a bayan shinge.

"Me ka binne, Mam Tahsin?"

"Ubanka. Tona ka gaishe shi."

Hoshyar ya tona. Kare ne, tsohon karen garken, an nannaɗe shi da buhu.

"Shekara sha uku yana tare da ni," in ji Tahsin, muryarsa ta sauka. Sai kuma ta koma yadda take. "Ni zan taɓa ƙashin matacce? Da ni ne, malamar zan ɗauka in jefa kogi, in bar bawan Allah ya yi barcinsa. Jiya kuwa ina sahun gaba, tambayi liman, har musu muka yi a kan tsawon huɗuba."

Aka tambayi liman, ya ce ƙwarai, kuma bai yafe ba.

* * *

Lahadi da sassafe Hoshyar ya bar hanyar mutane ya zagaya bayan dutsen, inda wata 'yar turbar awaki take hawa daga ƙarshen gari. Ba mai binta yanzu, don ta cika tsayi. A nan ƙasa ta yi magana.

Ƙaramin takalmin roba ne, taku gajere, dama tana ja kaɗan. Kusa da kowane taku akwai ɗan rami na bakin sanda. Wannan na hawa ke nan. Na saukowa takalmin ɗaya ne, amma babu sanda, kuma mai shi a karkace yake sauka yana lalubar ƙasa da ƙafa. Wanda ya goya kaya a baya ba ya yar da sandarsa a gangare irin wannan. Mai wannan sawu hannu biyu ya sa, a ƙirji ya rungumo abin. Sau goma sha ɗaya ya zauna hutawa, Hoshyar ya duba duka goma sha ɗayan, babu inda aka ajiye kayan a ƙasa. A cinya aka riƙa ɗora shi.

Ya shiga kogon ya tafi kai tsaye bayan tarin buhunan ƙasa da ke kusa da matakala. Sandar tana nan a jingine. Ya gane ta kafin ya taɓa, ta Daye Piroz ce, ya kuma gane ƙurar matakala: tsohuwa ce ta sauka da zama, katako bayan katako.

Ya zauna a kan buhu, tsoro ya rufe shi irin wanda rabonsa da shi shekara talatin da biyar.

A shekarar da jiragen yaƙi suka zo, samari shida na Gwezan sun gudu daga sojoji suka ɓuya a kogon nan. Ba a sake ganinsu ba. An tsinci rigar ɗaya a ciki, sai gari ya yanke cewa a nan aka kashe su aka turbuɗe. Cikinsu akwai Sarbast, ɗan Daye Piroz tilo, abokin Hoshyar tun suna kiwo. Sarbast na da shekara tara ya faɗo daga itacen ɓaure ya karya hannun dama, uwar ta yi wata uku tana ba shi abinci a baki. Ashe gurasar da take hawa da ita kullum shekara huɗu ba don Allah kaɗai ba ce. Jira take a tono mata ɗanta.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san Sarbast ba ya cikin kogon. Samarin sun bar kogon tun kafin sojoji su iso. Sojojin suka kama Hoshyar, yana ɗan sha tara, suka ɗora bindiga a kan uwarsa, suka ce ya bi sawu. Ya bi. A bakin kogi sawun ya ɓace, da ya ce ya ɓace da sun yarda, amma tsoro ya sa ya nemo shi a ƙetare. Ya kai su har Kwazazzabon Rumman, tafiyar rabin yini. Da aka gama harbi, shi aka sa ya tara duwatsu a kansu.

* * *

Ƙanshin kafur ya tare shi tun daga zaure. Daye Piroz tana zaune a kan darduma, ta haura tamanin, ta ƙanƙance. A gabanta akwai ɗan ƙunshi fari, an ɗaure shi wuri uku, an juya shi yana fuskantar alƙibla. Likkafaninta ne da ta ajiye wa kanta.

"Shigo, ɗana. Na san kai za ka fara zuwa, abokinka ne." Ta dubi sandar da ke hannunsa. "Ajiye ta can. Na yi masa wanka jiya. Bai da nauyi ko kaɗan, Hoshyar, kamar ranar da na haife shi."

"Daye, malamar ta ce mutumin nan ya daɗe ƙwarai."

"Yarinya ce mai kirki, amma ba ta haihu ba. Kwana tara suna shafa masa gam, ya ba alƙibla baya, ana ɗaukarsa hoto tsirara. Sai kuma su kai shi ƙasar da ban san sunanta ba? Ita da bakinta ta faɗi hannun. Ni na ɗora hannun nan."

Ya buɗe baki. Abin da ya iya cewa kawai shi ne za a tafi da Zirak bayan la'asar.

"Ba za a tafi da shi ba. Je ka ce wa Nawzad ya tara maza bayan azahar, ya kira liman. Salla nake so a yi wa ɗana."

* * *

Ɗakin baƙin mai gari ya cika har taga. An kawo Zirak da igiya a hannu, Tahsin ya zauna kusa da ƙofa yana gunaguni, Shilan tana gefe ita kaɗai. Aka zuba shayi, ba wanda ya sha. Hoshyar ya faɗi abin da ya gani a turbar awaki, bai kai ƙarshe ba tsohuwar ta shigo da ƙunshin a ƙirjinta. Maza suka miƙe tsaye ba tare da an ce su miƙe ba.

"Sarbast ne," ta ce. "Ni na ɗauko shi. Ku kwance bawan Allah nan, ya gan ni ina saukowa, ya kau da kai."

"Ita kaɗai ta aiko mana abinci ranar da muka zo garin nan," in ji Zirak, yana kallon ƙasa.

Shilan ta durƙusa a gabanta. Da ta ji an yi wa ƙashin wanka da ruwa sai da ta rufe ido, don rabin abin da take nema a jikinsa ya bi ruwan. Duk da haka a hankali ta yi magana. Ta ce tsayin mutum huɗu na ƙasa ba ya taruwa a shekara talatin da biyar, ta ce goshin ba irin namu ba ne. Ta ce in ƙashin bai koma akwati ba kafin motar 'yan sanda ta iso, doka sai ta kama wani, ita kuma ba za ta yi ƙarya ba.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Akwai 'yan'uwan sauran samari biyar ɗin a ciki, wasu sun fara share ido. Kak Nawzad ya ja carbi ya ja, sannan ya yi gyaran murya.

"Mamosta, ke da takardunki, mu da mamatanmu. Za mu yi masa salla mu rufe shi inda ba mai sani. Daye kuwa ba mai taɓa ta muna raye."

"To wa za ku ba 'yan sanda?"

Mai gari bai dubi Zirak ba, amma kowa ya duba.

"Mutum arba'in za su rantse sun ga ya ɗora kaya a alfadari," ya ce. "In ya so mu riƙe masa iyali."

Ba wanda ya musa. Tahsin kaɗai ya tofar da yawu ya ce Allah wadai, sai dai shi ma bai tashi ba. Na san mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ba mugaye ba ne, kuma da sun rantse ɗin.

Daye Piroz ba ta ji rabin abin da ake faɗa ba. Ta ƙara ƙanƙame ƙunshin ta dubi Shilan.

"'Yata, kin ce ba shi ba ne. To ina yake? Duk ɗakin nan wa zai dube ni ya ce ɗana ba ya cikin kogon nan?"

In Hoshyar ya yi shiru zai mutu da mutuncinsa, a kira shi Mam har kabari, Zirak kuma ya ruɓe a kurkuku. Ya san shirun, ya iya shi, shekara talatin da biyar yana yi.

"Ni," ya ce.

Ya faɗi komai a tsaye, da bindigar, da kogin, da yadda ya nemo sawun a ƙetare alhali ba wanda ya tilasta masa nemowa. Ya kira sunayen shidan. Ya ce Sarbast ne na biyu daga bakin dutse, yana sanye da rigar ulu mai ruwan toka da aka yi wa faci a kafaɗa. Wani ƙanen mamaci ya zabura, mutum uku suka danne shi. Sauran suka ja jiki daga inda Hoshyar yake har fili ya buɗe kewaye da shi.

Tsohuwar ta ɗago ta dube shi.

"Da jan zare na yi facin," ta ce. "Baƙin ya ƙare mini."

"Da ja ne, Daye."

Ta sunkuya ta dubi abin da ke hannunta, ta gyara masa ɗaurin kai. Sannan ta miƙa wa Shilan, ba ta saki ba sai da ta tabbata an riƙe da hannu biyu.

"Kar ki cire masa likkafanin sai kun isa. Shi ma wata ce ta ɗora masa hannu." Ta juya wajen mai gari. "Nawzad, kwance yaron mutane, ka ji kunya."

Aka kwance Zirak. Daga nesa an fara jin motar tana hawo kwari. Daye Piroz ta dafa bango ta miƙe, ta tako har gaban Hoshyar. Ya sunkuyar da kai yana jiran tofi ko tsinuwa, ya ma fi son su zo.

"Shekara talatin da biyar kana cin gurasata ranar sadakarsa," ta ce.

Sai ta tambaye shi nisan kwazazzabon.

"Rabin yini ka ce?"

"Ga mai ƙafa, Daye. Kuma an binne nakiya a hanyar tun lokacin, ba mai bi."

"Kai ka san inda ake takawa. Zirak, kawo alfadarinka." Ta ja mayafinta ta rufe kai, ba ta sake duban fuskarsa ba. "Shige gaba. Ka kai su, ni ma sai ka kai ni."